Ranar da Elizabet Ta Faɗi Sunan Ɗanta

Elizabet ta garin Urafane, matar marigayi Yunana, gajera ce mai faɗin kafaɗa, muryarta kamar ana jan tasa a kan dutse. Tun tana amarya take toya ƙosai a bakin kasuwa. Wanda duk ya ce mata ƙosan yau sun yi ƙanana, sai ta ce masa bakinsa ne ya ƙara girma. A majami'a layin gaba take zama, ta fi kowa ɗaga murya a waƙa, ta kuma fi kowa ɓata ta.

Ta haifi ɗanta na fari a 1973, cikin farin da ya kwashe shanun ƙasar, aka raɗa masa suna Sila. Wasu suka raɗa, wasu suke kira, ita dai sunan bai taɓa bi ta bakinta ba. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta, amma sauran mata suna yi da sassauci, Elizabet kuwa ta riƙe ta kamar dokar soja. In yana kusa, "kai". In ya yi nisa, "wancan". In karatun ranar Lahadi ya biyo ta kan mai irin sunan, nan take tari zai sarƙe ta. Ranar da ya ci jarrabawar shiga kwalej a Tasawa, ta ce wa mai albishir, "To, sai mi?" Da la'asar ta raba wa unguwa ƙosai kwano biyu, wai ƙullu ne ya yi saura.

Ban da kunyar nan, akwai wani darasi da farin 1984 ya koya mata. Sojoji suka zo rubuta masu karɓar dawar taimako. Yunana, mutum mai gaskiyar da ba ta da amfani, ya gaya wa mai biro cewa yana da awaki uku da jaki. Aka tsallake gidansu. Kafin damina ta faɗi awakin sun mutu, jakin ya bi su, bayan shekara Yunana ma ya bi jakin. Daga nan Elizabet ta yanke hukunci: duk mai takarda da biro da ya tambaye ka, ba ka da komai.

Sila ya zama anfirme, wato ma'aikacin jinya, ya yi aiki a Maraɗi, ya tafi Turai ƙarin karatu, ya zauna can, ya auri Baturiya. A farkon 2010, bayan damina ta sake yaudarar mutane, sojoji kuma sun sake hawa kujera a Yamai, ya kira salular Amos. Amos ƙanen Yunana ne, tsohon mushen lakwal, wato malamin makaranta, da ya yi ritaya, abokin wasan Elizabet na haƙƙi. Saƙon shi ne matar Sila tana da ciki, haihuwa a watan tara, ana son Inna ta zo.

Elizabet na zaune kusa da wayar, amma ta juya mata baya.

"Tambayi wancan, wa zai yi mata wankan jego?"

Amos ya tambaya. "Ya ce can ba a yi. Kwana uku a sallame ta daga likita, ta sha ruwan sanyi in tana so."

"Ruwan sanyi! Kunun kanwa fa?"

"Ba su san shi ba."

"Za su kashe 'yar mutane," in ji Elizabet. "Ce masa ina zuwa. Ba don shi ba."

Maganar jika ba ta tayar ba. Amma a ranar ta sayi zanen goyo sabo ta ɓoye a ƙarƙashin tabarma.

A watan huɗu Amos ya raka ta Yamai cikin kar, babbar motar fasinja, da paspor da takardar gayyata. A ambasad, ofishin jakadancin da ke ba da biza, aka tsayar da shi a ƙofa, ita kaɗai ta shiga. A bayan gilashin taga akwai wata madam mai siririn hanci, a gefenta tafinta, wani mai ƙiba da ake kira Danda.

"Wa ya gayyace ki?" Danda ya fassara.

"Wani ne."

"Ɗanki ne?"

"Haka mutane ke cewa."

"Mene ne sunansa?"

"Ga shi nan rubuce a gabanku. Ku da kuka yi lakwal."

"Madam tana so ta ji daga bakinki, Inna."

"To, za ta daɗe."

Danda ya share zufa, ya fassara abin da zai fassaru. Madam ta ɗaga gira ta sake tambaya.

"Kina kewarsa?"

"Mi zan yi kewa a jikinsa? Kunnuwa ne kamar faifai."

"Me kika mallaka a gida? Gona, dabbobi, sana'a?"

Nan Elizabet ta ga biro a hannun madam, hankalinta ya kwanta, don wannan tambayar ta san amsarta tun shekara ashirin da shida.

"Ko allura. Rumbu wayam. Ko kaza ba ni da ita. In na mutu yau, aron likkafani za a yi."

Ta fito tana taƙama, ta ce wa Amos ta gama da su. Bayan kwana uku aka maido paspor da 'yar takarda. Amos ya sa tabarau ya karanta a bakin titi: ba a tabbatar da dangantakarta da mai gayyatar ba, ba a kuma tabbatar za ta dawo ba, tunda ba ta bar komai a baya ba.

"Matarmu, mi kika gaya musu?"

Ta faɗa masa tiryan-tiryan. Amos ya zauna a kan dakalin wani mai shago ya yi dariya har tabaransa suka faɗi.

"Kin je kin ce ba ki san ɗanki ba, kuma ke matsiyaciya ce, sannan su ba ki biza? Ai ni ma da na hana ki."

"Kai dai rufe baki, ragowar miji. Ba taimako suke rabawa ba?"

"Can mai abu ake ba. Wanda ba shi da komai, shi ake kora."

Elizabet ta ce lallai Turawa ba su da tarbiyya.

Aka samu sabon randebu, wato ranar komawa ambasad, a farkon watan takwas. Rabin aikin mai sauƙi ne. Amos ya haɗa dosiyen takardu: takardar haihuwar Sila, takardar gona daga meri, ofishin magajin gari, shaidar fasto, da foton Elizabet tsaye tsakanin awakinta bakwai tana harare kamar an kama ta da sata. Sai da aka yi kwana biyu ana lallashinta kafin ta yarda a ƙidaya awakin a gaban baƙo.

Sauran rabin shi ne sunan. Amos ya ce tabbas za su sake tambaya, kuma in ta sake kaucewa, Baturiya ta sha ruwan sanyinta lafiya. Ya samo tsohuwar tagar aji da aka cire, ya jingina ta a kan turmi biyu a tsakar gida, ya ɗaura kallabi, ya zauna a baya yana maƙe murya.

"Bonjur madam. Sunan ɗanki?"

"Wallahi ko a mata kai mummuna ne."

"Sunan ɗanki, madam."

Elizabet ta buɗe baki, ta rufe. Ta ce ƙosai na ƙonewa, alhali ko wuta ba ta hura ba.

Suka gwada dabaru. Ta zura kai cikin rumbu, wanda a bana da gaske wayam yake, don ta faɗa ba mai ji. Rumbun ya amsa mata tarinta kawai. Ta gwada da ido rufe. Ta gwada a bakin rijiya, sai ga matan unguwa da tuluna, ta koma yi musu faɗan layi.

Sai Amos ya kawo shawarar da ya ce ta ilimin koyarwa ce: a fara da abu mai sauƙi. Ya kama bunsurunta, ja mai wari, ya sanar wa unguwa cewa daga yau sunansa Sila, don ta saba da kira a kan dabba. Unguwa ta karɓa da murna. Abin da Amos bai hango ba shi ne kunyar za ta bi sunan. Cikin mako guda Elizabet ta daina kallon bunsurun a ido. In ya shigo tsakar gida, sai ta gyara mayafi ta kau da kai. Ya zura baki cikin waken ƙosai, ta kasa dukansa, sai dai ta ce wa iska, "Wani ya gaya wa wancan ya bari." A shekarar da awakin Urafane ke cin kwali, bunsurun nan ya yi ƙiba har wuyansa ya ninku.

"Yanzu 'ya'yan fari biyu gare ni," ta ce wa Amos, "kuma kai ka jawo."

Watan takwas ya kama, gero ya fara kai gwiwa, sunan bai fito ko sau ɗaya ba. A cikin kar, tun daga Tasawa har Dosso, leɓunanta na motsi ba sauti. A jakarta akwai kanwa, da busasshen ganyen dogon yaro, da zanen goyon. A ƙofar ambasad Amos bai yi mata wasa ba. Ya ce, "Matar yaya, sau ɗaya ne. Ki faɗa ki huta."

Ɗakin cike yake, har da tsofaffin mata uku 'yan Zinder masu zuwa wurin nasu 'ya'yan. Aka kira ta. Madam ɗin wata ce daban, mai furfura, amma Danda na nan, kuma da ya gan ta sai ya ja numfashi. Madam ta buɗe dosiye, ta duba takardar haihuwa, ta duba foton awaki ta yi murmushi.

"Kwana nawa za ki yi?"

"Arba'in. Wanka ne."

"Wa zai kula da awakin?"

"Wani rago, ƙanen mijina."

Madam ta rufe dosiye ta ce wani abu. Danda ya ce, "Shi ke nan, Inna. Ki dawo ranar Alhamis."

Elizabet ba ta motsa ba. Wancan karon ma "ki dawo" aka ce mata, ta dawo ta tarar da takardar kora. A lissafinta, tunda ba a tambayi sunan ba, an riga an yanke mata hukunci ke nan, Baturiya za ta haihu a hannun masu ruwan sanyi, zanen goyo kuma ya tsufa a ƙarƙashin tabarma.

"Ba ku tambaye ni ba."

"Mi, Inna?"

"Abin nan. Na wancan karon."

"Ai yana cikin takarda. Ki ba na baya wuri."

Ta kama bakin tagar da hannu biyu. Gardi mai tsaron ƙofa ya fara matsowa. Elizabet ta cika ƙirji, ta saki muryar nan da ke ɓata waƙa a majami'a.

"Sila! Sila Yunana! Ni na haife shi, ranar kasuwar Urafane, ina kan toya ƙosai naƙuda ta kama ni! Sila ne sunansa! Shi ya zo na ɗaya a duk Tasawa! Bai taɓa ɗaga mini murya ba! Allurarsa ba ta zafi, ku tambayi Maraɗi! Kunnuwan ma na ubansa ne, kuma sun yi masa kyau! Sila! Ku rubuta!"

Gardi ya tsaya da hannu a sama. Danda, wanda shi ma ɗan fari ne, ya sunkuyar da kai kamar shi aka tona. Ɗaya daga cikin matan Zinder ta rufe baki da mayafi ta ce, "Ɗan fari ne kuwa? Yau mun ga rashin kunya." Madam ta tambayi me ke faruwa. Danda ya ce tsohuwar tana tabbatar da sunan ne. Madam ta ce ai ta gani, ta gode, ranar Alhamis.

Elizabet ta fito ta wuce Amos kamar ba ta san shi ba, ta sayi ruwan leda ta kurkure baki. Bai tambaye ta komai ba, don har bakin titi an ji.

Ranar Alhamis paspor ya fito da biza a manne. Amos ya ce takardun ne suka yi aiki. Elizabet ta ce ihun ne, kuma har ta mutu, shekara tara bayan haka, ba wanda ya iya raba wannan gardama. A bakin ƙofar ta kama rigarsa.

"Ka rantse wancan ba zai ji ba."

Amos ya sosa ƙeya. Tun ranar Litinin da aka yi ihun ya kira Sila ya faɗa masa. Kafin ya samo ƙaryar da zai yi, salular ta yi ƙara a aljihunsa, ya duba ya miƙa mata. Karo na farko ke nan da ta karɓa da hannunta.

"Inna," in ji muryar Sila daga nesa, "Baba Amos ya ce kin faɗi sunana. Har sau huɗu, wai."

"Ƙarya yake. Tsufa ke damunsa."

"Ya ce kin ce kunnuwana..."

"Kai, kuɗin waya ba su yi maka yawa ba? Ka nemo babbar tukunya da itace, ranar Talata nake tafe. Kuma ka ce wa 'yar mutane kada ta kuskura ta haihu kafin in iso."

Ta miƙa wa Amos salular, ta ɗora jakar kanwa a ka, ta yi gaba wajen tasha.