Na'am a Zauren Malam

Wallahi abin nan a kaina ya faru, ba labarin kanzon kurege ba ne. Shekarun baya ina da ɗan shago a Kongo ina ɗaukar sauti, walima ce, wa'azi ne, duk abin da ya samu. Sai wani Alhaji ma'aikacin gwamnati ya zo ya ce mahaifinsa malami ne a cikin birni wajen Ƙofar Kibo, jiki ya yi nisa, yana so a ɗauki karatun wani littafin fiƙihu daga bakinsa tun da sauran numfashi, babi ɗaya kacal ya rage.

Na kinkimi laftof da makirfo na tafi bayan la'asar. Zaure ne na ƙasa, daga ni sai Malam a kan buzu, Alhaji ma ya koma ofis. Ana fara karatu sai na ji a hedifon murya tana in'ina, duk inda Malam ya kai aya ya ɗan dakata sai sauti ya yanke kamar an tsinke zare. Ni kuwa na san ciwon. Laftof idan ta ɗau zafi, ko tana kan batir, furosesarta, wato ƙwaƙwalwarta, rage gudu take yi da kanta don ta huta, shi kuma sautin da ake ɗauka kai tsaye ba ya jiran kowa. Malam ga tari, ga gajiya, kuma Alhaji ya gaya mini ba lallai ne ya iya maimaitawa ba.

Na nemi afuwar minti biyar. Na jona caja, na shiga saitin wuta na ɗaga ƙaramin gudun furosesa zuwa ɗari bisa ɗari, na kashe na kunna na shiga BIOS, wato saitin can cikinta, na cire abin da ke rage mata gudu gaba ɗaya, sannan na ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙasanta. Fankarta ta hau ƙugi. Har ina yaba kaina a zuci, ka san mai sana'a da son a sani.

Malam ya ci gaba, sauti ya fito tas. Amma fa a daidai gurbin da ɗazu yake yankewa, sai na ji muryar namiji, a natse, dab da makirfo, ta ce na'am. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san haka ɗalibi yake amsawa idan malami ya fassara jimla. Na cire hedifon, ba kowa, sai kukan akuya a waje. Na mayar, Malam ya kai aya, aka sake cewa na'am. Na yi ta a'uziyya a zuci, amma ban tsayar da ɗauka ba, don na ga ƙarfin tsohon yana ƙarewa.

Da ya rufe littafi ya shafa fatiha, na yi ƙarfin hali na ce, Allah gafarta Malam, akwai wanda yake amsa maka. Bai ko ɗago ba.

"Ashe ka ji shi. Wani ɗalibina ne. Babin nan kaɗai ya rage masa aka kai shi makwanci, shekara arba'in ke nan. Yau ya sauke."

Kwana huɗu tsakani Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa. Na kai wa Alhaji karatun cif, ya saurara a gabana, ya ce shi muryar mahaifinsa kawai yake ji, ya yi godiya har da hawaye.

Bayan mako guda ina shago da rana tsaka, na jona makirfo zan gwada kafin wani aiki, laftof tana nan a saitin da na bar ta. Na ce gwaji, ɗaya, biyu, na dakata. Aka ce na'am, sannan aka yi shiru irin na mai jiran a ci gaba.

Ni ba malami ba ne, ba ni da karatun da zan biya wa kowa. Nan take na mayar da saitin yadda kamfani ya yi shi, har yau kuma laftof ɗin tana in'ina, abokan sana'a suna yi mini dariya wai na kasa gyaran minti biyar. Ku dai idan na'urarku tana yanke sauti ku gyara abinku, hanya ce mai kyau, amma idan kun lura a wuri ɗaya take yankewa kullum, ku fara tambayar mai gida kafin ku taɓa komai.