Tubabben Sauro a Ganyen Wake

Ni 'yar Gummi ce, aure ne ya kai ni wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum. Na zo na tarar ana daka dutsen zinare a tsakar gida, kusa da inda ake shanya gero, kuma ba wanda ya ga aibin haka sai da yara suka fara ciwo. Likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin ƙurar dutsen. Ɗiyata ta fari tana cikin waɗanda aka auna jininsu aka ba su magani. Ta tashi, alhamdu lillahi. Daga baya aka kankare ƙasar gidanmu kaf, aka zuba wata sabuwa, ja, wadda aka ɗebo daga nesa.

Ƙasa ta canza, amma ni zuciyata ba ta kwanta ba. Tun daga lokacin duk wani abu ƙarami, wanda ido ba ya kama shi sosai, shi nake tsoro. Maciji ma bai kai ƙura ba ni tsoro ba. Ina wanke hannun yarinyar har fatar ta yi fari, ina sharar tsakar gida har Inna, uwar maigidana, ta ce zan share sabuwar ƙasar in kai ga tsohuwa.

Wata ma'aikaciyar asibiti ta faɗa mana cewa gubar ta fi kama yaron da cikinsa ba komai, don haka a riƙa ba su wake da ganye. Na riƙe maganar. Da damina ta sauka na shuka wake a bayan ɗakina, jikin katanga, cikin sabuwar ƙasar, domin ita kaɗai na yarda da ita. Waken gona ban san me iska ta kai masa ba. Wannan kuwa a gaban idona ya tsiro, ya yaɗu, ya fara neman fure.

Sai darɓa ta sauka masa, ƙananan ƙwarin nan baƙaƙe da ke cunkushewa a ƙarƙashin ganye da kan toho, su tsotse shi su bar shi da danƙo. Ganye ya fara nannaɗewa. Ina cikin wannan damuwar, wata rana gab da magariba na je kwashe shanya, na ga wasu abubuwa suna shawagi a kan waken. Sirara ne, masu dogayen ƙafafu, ba su kai rabin sauro ba. Na kira Inna.

Ta sunkuya ta duba, ta miƙe tana kaɗa hannu.

"Ɗiyan sauro na," in ji ta. "Kin yi musu gida a bakin ɗakinki. Su girma su ci ki, su ci ƙawata." Haka take kiran jikarta.

Na san zazzaɓin cizon sauro, na ga yadda yake sa yaro jijjiga, irin jijjigar da muka gani lokacin dalma. Jikin da bai daɗe da tashi ba, ina zai iya?

Washegari maigidana ya shigo da kwalbar fiya-fiya, maganin ƙwarin da ake saidawa a kasuwa. Ya ce in ga dama a fesa, darɓa da sauro duk su mutu, in kuwa ba na so, a tumɓuke waken a huta. Na karɓi kwalbar, warinta ya bugi hancina tun ba a buɗe ba. Na tsaya da ita a hannu. Waken nan na shuka shi ne don ya tsare yarinyar daga guba, yanzu kuma in zuba masa wata gubar in dafa mata? In na tumɓuke, ta rasa shi. In na bari, sauro. Ko ta ina na juya, ita ce a tsakiya.

Na roƙe shi ya ba ni 'yan kwanaki. Ya ce to, amma yarinyar ta riƙa shiga gidan sauro tun kafin rana ta faɗi. Ya ɗora kwalbar can saman katanga.

Abin da ya sa na nemi jinkiri shi ne wani abu da ya tsaya min a rai. A Gummi muka tashi, bakin fadama, inda sauro ya fi shinkafa yawa. Na san 'ya'yan sauro tun ina yarinya: cikin ruwa suke, a tsohuwar randa ko a kwatami, suna wutsil-wutsil. Kuma in sauro ya fito daga ruwa, da girmansa yake fitowa. Ban taɓa ganin jaririn sauro yana tashi sama ba. Na faɗa wa Inna haka.

"To, malamar sauro," ta ce. "Na Gummi kika sani. Namu na tudu na, ba su iya iyo ba."

Da safe na goya yarinyar, na ɗauki kujera 'yar tsugunno na zauna gaban waken. Na juya ganye ɗaya a hankali. A tsakiyar baƙin darɓar na ga wasu tsutsotsi ruwan goro, ƙanana, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, kusan rabinta. Ba ƙafa, ba kai da za ka nuna, sai dai gefe ɗaya ya fi tsini. Da farko na ce shi ke nan, ga wata masifar kuma. Amma na lura ganyen da suke kai ba huda ko ɗaya. Ba ganye suke ci ba.

Na zuba wa guda ido. Ta ja jiki ta isa ga wata darɓa, ta kafa tsininta a wajen ƙafarta. Darɓar ta ɗan motsa, sannan ta tsaya cak. Tsutsar ta zauna a kanta, shiru, har ƙafata ta yi sanyi. Da ta matsa, darɓar da ta bari ta motse, ta zama kamar ɓawo, tana rataye a jikin ganyen. Sai a lokacin na gane cewa busassun abubuwan da ke kewaye da ita, waɗanda na ɗauka datti ne, gawarwaki ne. Inda tsutsar ta fi yawa, nan darɓa ta fi mutuwa.

Abin da ban sani ba shi ne ko tsutsar nan ita ce ke zama masu shawagin magariba. Na wanke wata kwalbar man shafawa da ta ƙare, na zuba ƙasa mai ɗan laima a gindinta, na tsinko ganye mai darɓa da tsutsa na saka, na rufe bakin da ƙyallen tsohon ɗankwali mai shara-shara. Na ajiye a inuwa, inda hannun yarinya ba ya kaiwa.

Inna ta leƙa ta yi salati.

"Matan mutane na kiwon awaki, tawa surukar tsutsa taka kiwo. In sun haihu ki ba ni guda, in yi layya."

Kullum ina sako musu sabon ganye mai darɓa. Suka yi ƙiba, kalarsu ta ƙara nuna. Wata safiya na duba ban ga ko ɗaya ba. Na juya ganyen, na ɗaga kwalbar a hasken rana, sai na hango guda a jikin gilashi, ta shige cikin ƙasa ta lulluɓe kanta da ɗan abu kamar auduga mai datti.

"Sun mutu?" in ji Inna. "Allah shi jiƙan su. A shimfiɗa tabarmi?"

Na ce mata kwana suke. Ni kaina ban tabbata ba. Kwanakin nan sun yi min tsawo. Maigidana in ya shigo sai ya kalli saman katanga, ya kalle ni. Da la'asar nake shigar da yarinyar gidan sauro, in duba wuyanta da bayan kunnenta ko akwai tabon cizo. In jikinta ya ɗan yi ɗumi don ta sha rana, sai in kwana ina taɓa goshinta.

An fi mako a haka. Ran nan da yamma na ɗauko kwalbar, na ga abubuwa uku ko huɗu a jikin ƙyallen daga ciki. Su ne, masu shawagin magariba. Na sami wani sauro na gaske a lungun ɗaki, na buge shi a hankali don kada ya dagargaje, na ɗora a kan farin murfin kwano kusa da kwalbar, na kira Inna.

Muka sa kai muna dubawa. Sauro yana da tsinke a baki, dogo, kowa ya san shi. Wannan ba shi da shi, bakinsa guntu ne, da ƙyar ake ganinsa. Ƙafafun sauro suna da ɗigon fari, kuma yana ɗaga na baya in ya sauka. Wannan ƙafafunsa sirara ne kamar gashi, duka a ƙasa. Cikinsa yana da ɗan ja, ragowar kalar tsutsar. A kansa akwai zare biyu, wani nasa ya fi tsawo har ya lanƙwasa baya, kuma in ka kai shi haske za ka ga zaren gaɓa-gaɓa ne kamar ƙananan duwatsun wuya. Na kai kwalbar kunnena. Ba kuka.

"Ba shi da baki yanzu," Inna ta ce. "Jariri ma ba haƙora yaka zowa da su ba."

Sai na zare ƙyallen a hankali, na karkata kwalbar na manna bakinta a cikin hannuna, wajen da fata ta fi laushi. Guda ya sauko ya taka ni. Ban ma ji tafiyarsa ba. Ya yi yawonsa ya koma jikin gilashi. Na daɗe a haka, da na ɗaga ba tabo, ba ƙaiƙayi.

"Jininki na 'yan fadama na, ruwa ya yi mai yawa," ta ce. "Kawo nan."

Ta manna a nata hannun, tana kallon gefe kamar ba ruwanta. Muka zauna har aka kira salla. Ta ɗaga ta shafa wurin, ta sake shafawa.

"To," ta ce. "Sauro na dai. Amma ya tuba."

Da maigidana ya dawo daga masallaci, ita da kanta ta tare shi. Ta ce ya sauke kwalbar fiya-fiyar nan ya fitar da ita daga gidan, kada ya kashe mata tubabbu. Ya tambaya su wa, ta ja shi gaban waken ta sa ya haska, ta juya masa ganye tana nuna busasshiyar darɓa kamar ita ta gano.

Na saki na cikin kwalbar a kan waken. Kuma tun da na ga inda suke kwana, na daina kai tsintsiya gindinsa. A duk gidan, wannan ɗan wurin ne kaɗai na bari ba shara, kuma sai da na daure.

Darɓa ba ta ƙare duka ba, amma sabon toho ya fito a miƙe, fure ya kama. Har yau ban san sunan abin nan a littafi ba. Matan unguwa da suka zo gani, tubabbe suka tafi suna kiransa. Da waken ya nuna na ɓare na farko, na dafa shi ya yi laushi, na zuba ɗan man gyaɗa. Na wanke wa yarinyar hannu sau ɗaya, na zaunar da ita a tabarma kusa da Inna, ta sa hannu ta ci da kanta.