Malamin da ya kayar da ni, da addu'ar Baba

Yau na ji rasuwar malamin da ya kayar da ni jarrabawa a jami'a, cikin shekarun saba'in. Sai Baba ya faɗo mani a rai.

A waccan shekarar na dawo Kusada hutu rai ɓace, na iske shi zaure ya sallami ɗalibansa. Ya ce in faɗi sunayen malamaina, zai riƙa sa su cikin addu'a.

Na lissafo, na ce, “Saura ɗaya, Baba, amma saboda shi zan maimaita shekara.”

“Ya koya maka wani abu?”

“Ya koya mani.”

“To, da shi za mu fara.”

Har Baba ya rasu bai fasa ba. Ni kuwa sai yau bakina ya iya yi wa malamin addu'a. Allah Ya jiƙan su duka. Ku taya ni da amin.