Hannun da Aka Ɗaga Min a Fadamar Katuzu

Jama'a, yau saura kaɗan in yar da rimot in ruga!

Na haɗa sabon rimot da ƙaramin jirgin samana na wasa, na tafi fadamar Katuzu gwajin nisa. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya yi nisa da rimot, ɗaya ya tsaya gun jirgi, in jelar ta motsa ya ɗaga hannu. Abokina marigayi Modu ne mai ɗaga min. Mutum uku na kira a cikinku, ba wanda ya ɗauka!

Na ajiye jirgin, na yi taku ɗari, na juyo na taɓa rimot. Sai ga hannu a sama, alhali ban bar kowa gun jirgin ba! Innalillahi! Na sake taɓawa, aka sake ɗagawa!

Na dawo gun jirgin. Ashe wani dattijo ne makiyayi, shanunsa na gefe.

Na ce, "Baba, wa ya koya maka?"

Ya ce, "Na daɗe ina kallonku daga nesa. Ina dogon nan?"

Na ce, "Ya rasu da azumi."

Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Koma, ɗana, ƙara nisa. Ina nan."