Matar da Ta Motsa a Hoto

A Kudan, in lokacin yankan rake ya zo, da ƙamshin mazarƙwaila gari ke wuni. Da an idar da magariba sai mu yara mu kewaye murhun kakarmu, Iya Delu, muna jiran tatsuniya. Ni dai ba ta taɓa kiran sunana ba, saboda sunan mahaifiyarta aka sa mini. "Uwata, matso kusa da wuta," haka take cewa.

Wani maraice, maimakon ta buɗe da gatanan, sai ta zaro wani hoto daga ƙasan kwallarta. Ya yi ja kamar busasshen ganye. Ga garinmu na zamanin Turawa: rumbuna, bukkokin ciyawa, doki ɗaure da injin matse rake, maza a jere sun sandare. A gefe kuma akwai wani fari-fari kamar hayaƙi.

"Wannan ita ce uwata," in ji ta.

Muka kwashe da dariya. "Iya, ai hayaƙi ne!"

"Hayaƙin gidanku, ja'irai!"

Ta ce wani Bature ne ya zo da akwati mai ƙafa uku, ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle. Dagaci ya yi gargaɗi kada wanda ya motsa, ko ƙuda ne ya sauka masa a hanci. Aka tsayar da doki, kowa ya yi cak. Kaskon ruwan rake kuwa bai ji gargaɗin ba, yana ta tafarfasa. Sai ga wata jaririya ta rarrafo ta nufi bakin wutar. Kowa ya gani, amma tsoron hukuma ya riƙe su. Mace ɗaya ce ta zabura ta sure ta, daidai lokacin da akwatin ya ƙyafta.

"Ina jaririyar yanzu?" na tambaya.

"Ga ta nan da haƙora biyu, tana ba ku labari."

Uwar ba ta ga wata kakar rake ba. Iya ta girma ba ta san kamanninta ba, shekara da shekaru tana laluben ido ko hanci a cikin farin nan. Ranar dai ta ɗago haɓata wajen hasken wuta, ta daɗe tana kallo. "Wataƙila haka take," ta ce a hankali.

Yanzu hoton yana hannuna. Fuskokin waɗanda suka tsaya cak sun fito sarai, amma babu mai tuna sunan ko ɗayansu. Wadda ta motsa ba ta bar fuska ba. Sunanta kuwa, da shi nake amsawa kullum.