Kumandan, Ragon Gidan Tela

A unguwarsu a Tawa, in mace tana son ta san tiya nawa ke cikin buhun hatsi, ba ta zuwa kasuwa. Gidan Huseina take shiga. Huseina 'yar Kalfu ce, lakwal, wato makarantar boko, aji shida ta yi aka cire ta, amma lissafin da ta kwaso a aji shidan nan ya ishi gida uku. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take sayarwa. Tana da kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, da bik na rubutu ɗaure da zare a jikinsa don kada a ara. Ta san ashana nawa ke cikin kwali, ta kuma san nawa mijinta ke ƙonawa kafin ya kunna gawayin shayi: huɗu, in akwai iska bakwai.

Mijin nata, Ɗangana, tela ne, kuma gwani. Keken ɗinkinsa guda, a ƙofar gida yake, shi ke ciyar da su. Aibinsa ɗaya: kuɗi ba sa kwana a aljihunsa. In maroƙi ya kira sunan kakansa, hannunsa da kansa yake shiga aljihu. Shi yana kiranta Kontabul, wato akanta mai lissafin kuɗi. Ita kuwa a bayan kayenta ta ware masa shafi guda, ta rubuta a sama: Ɓarna.

Shekararsu shida da aure kafin Allah ya kawo rabo. Ranar da suka dawo daga awon ciki, sajfam, ungozomar asibiti, ta ce haihuwa za ta faɗo wajen Sallar Layya, Ɗangana bai ko cire takalmi ba ya fara tsara suna.

"Rumfa biyu, kujera ɗari, makaɗa, anko gare ki da ƙawayenki. Rago kuwa wanda sai mutum huɗu sun kayas da shi!"

"Nawa ke nan?" in ji Huseina.

"Wa ka ƙidaya ranar farin ciki?"

"Ni."

Ta ƙidaya. Jikka ɗari huɗu da goma sha biyu. A gidan kuwa, har da abin da ke cikin gwangwanin madara, jikka hamsin da uku ne.

"Sauran hwa?" in ji ta.

Ɗangana ya dubi keke, ya kau da kai. "Alhaji Sidi na amsar jingina. Wata biyu in hwanshe shi."

Huseina ta san wani tela da ya kai kekensa wurin Alhaji Sidi da zancen wata biyu. Yau shekara uku yana ɗinki a keken wani, ana raba kuɗin biyu. Ta rufe kaye, ta ce a ranta: ko da ruwan randa za a yi sunan nan, keken nan ba ya barin ƙofar gida.

Abin da ya fi ba ta tsoro rago ne. Gab da Layya, ragon jikka hamsin sai ya koma ɗari da hamsin. Saboda haka ranar Lahadi, cikinta na wata huɗu, ta ɗauki kuɗin adashenta ta ba wani dillali mai suna Rissa, ya sayo mata ɗan rago a jikka arba'in. Dabararta mai sauƙi ce: dusar gida, ɓawon gyaɗa, ruwan wankin hatsi. Wata biyar, ba a kashe ko jikka goma ba, ga ragon suna.

Da Ɗangana ya gan shi, sai da ya dafa bango don dariya.

"Kontabul, wanga rago na ko kare? Ana ƙidaya haƙarƙarinai daga bakin titi! Hala don haka kinka so shi."

Kwana goma bai ko kalli wurin da aka ɗaure shi ba. Ran na sha ɗaya abokansa na fadar hira suka zo shan shayi, ɗaya ya leƙa ya ce, "Ashe ragon sunan ke nan? Allah shi sa shi kai ranar." Aka kwashe da dariya. Da la'asar sai ga Ɗangana da ɗaurin harawa na dala ɗari, rabin jikka ke nan, a kafaɗa.

Daga ranar gidan ya canza. Kullum ɗaurin harawa. Kanwa. Gishiri. Aka kira likitan dabbobi ya yi allura. Aka kafa rumfa ta jikka goma sha biyu, alhali Huseina shekara biyu tana roƙon a rufe mata madafa. Aka sayo ƙararrawa. Ranar Juma'a a yi masa wanka da sabulu mai ƙanshi, wanda aka sayo da sunan jego. Da ragowar shaddar wani alhaji Ɗangana ya ɗinka masa abin wuya har da aiki. Ya kuma raɗa masa suna Kumandan, tun ba a san sunan ɗan da ake jira ba.

Wata rana Huseina ta ce tana kwaɗayin kilishi.

"Bari gobe," in ji shi. "Yau na saye ma Kumandan wake."

"To, shi ma ciki gare shi?"

"Ke dai dubi wuyan ga! Dubi tafiya!"

Ta duba. Gaskiya rago ya zama rago. Fari tas, ƙaho ya murɗe sau biyu, in ya taka sai ƙararrawa ta amsa. Mutane har tsayawa suke yi a ƙofa. Amma ita ba wuya take gani ba. Ta ga harawar kwana ɗari da arba'in, jikka saba'in. Rumfa da allura da sabulu da tarkace, ashirin da biyar. Da kuɗin saye, ɗari da talatin da biyar. Ragon da ta saya don tsimi ya kusa cin kuɗin ragon Layya, shafin Ɓarna ya cika har ta liƙa masa wata takarda.

Ana saura kwana takwas Sallah, Inna, mahaifiyar Huseina, ta iso daga Kalfu don zaman jego. Ta zagaya Kumandan sau biyu ta ce, "Masha Allahu. Wanga kitse nai kaɗai ya cika tukunya."

Ɗangana ya ajiye almakashi. Fuskarsa ta canza kamar an ce masa gobara.

Bayan Inna ta shiga ɗaki ya matso ya rage murya. "Kontabul, na yi tunani. Ba ni iya ganin wuƙa ga wuyan Kumandan. Ya san muryata. In na yi tari, shi na waigowa."

"To, mu yanka mi? Ƙararrawa?"

"Wani za ni saye. Na yi magana da Alhaji Sidi. In na ƙare ɗinkin Sallah, shi aiko a ɗauki keke."

Wato an zagaya an dawo. Ta sayi rago don ta tsare keke, yanzu ragon ne zai kai keken gidan Alhaji Sidi. Ba ta yi faɗa ba. Ta san faɗa da Ɗangana asarar yawu ne, kuma shi ma tana tsiminsa.

Kwana uku tana juya abin, tana matsar mai. Ran na uku, tana ƙirga kwalabe, sai hannunta ya tsaya a kan ta biyar. Saura kwana biyar Sallah. Ita kuwa ko ciwon baya ba ta fara ba. Suna sai ranar da haihuwa ta zagayo, kwana bakwai. Ko yanzu-yanzu ta durƙusa, suna ba zai zo ba sai Sallah ta wuce da kwana biyu. Bayan Sallah kuwa wa ke neman rago? Dillalai ke bin mutane suna roƙo. Wata biyar tana gudun tsadar da ba za ta same ta ba! Tsadar nan, in an duba, tata ce: ita ke da rago a hannu.

Saura yadda za a raba Ɗangana da Kumandan. Ta aika aka kira Rissa, suka yi magana ta bayan zana. Da rana ta kai wa mijinta fura, ta ajiye, ta ce kamar da wasa:

"Rissa ya biyo ɗazu. Ya ce Kumandan na da kyau, amma kiwon tela na. Wai duk gashi na da sabulu, cikin kasuwa ba shi kai jikka ɗari."

Keke ya tsaya cak.

"Rissa ya ce haka?"

"Na ce mai ƙila shi na da gaskiya. Su ne masu sana'a."

Washegari Ɗangana ya bar ɗinkin mutum tara, ya sa babbar riga da hularsa ta jikka bakwai, ya ja Kumandan zuwa kasuwar dabbobi. "Ba saidawa za ni yi ba," in ji shi. "Kunya za ni ba mutum." Huseina ta yafa gyale ta bi su a hankali, ta ce sajfam ta ce ta riƙa tafiya. Ta samu inuwa wurin wata mai fura a bakin kasuwa ta zauna, kaye a cinya.

Kafin a daɗe an kewaye su. Wani ya taya ɗari da ashirin.

"Albarka!" in ji Ɗangana, yana harar Rissa.

Ɗari da hamsin. Albarka. Ɗari da tamanin. Albarka, amma ba da ƙarfin farko ba. Sai ga wani babban ma'aikaci ya fito daga mota, ya taɓa gadon bayan rago, ya ce ɗari biyu da goma. Daidai nan wani maroƙi, wanda Huseina ta rantse har yau ba ita ta kira shi ba, ya ɗaga murya:

"Ina makiyaya? Ku zo ku ga tela ya fi ku! Ɗangana mai allura, Ɗangana mai rago! Wanda ya saida ragon jikka ɗari biyu da goma, Tawa ba ta mance shi!"

Huseina na hango mijinta yana kumbura kamar fanke a mai. Ya ɗaga hannu, ya dubi jama'a dama da hagu.

"Na sallama!"

Ya cusa hannu a aljihu don ya yi wa maroƙi kyauta, bai samu komai ba sai tef ɗin awo. Kuɗin rago kuwa Rissa ya riga ya karɓa, ya cire la'adarsa jikka biyar, ya nufi inuwar mai fura, don mai rago can take. Ɗangana ya tuɓe hularsa ya ɗora wa maroƙi. Huseina ta buɗe shafin Ɓarna: hula, bakwai.

Sai da aka tura Kumandan bayan mota, ƙararrawa na kuka, sannan ya gane abin da ya yi. Ya dawo gida kai ba hula, ya ƙi cin tuwo, ya zauna a rumfar rago. Huseina ta bar shi awa guda, sannan ta zo ta tsaya.

"Cewa ka yi ba ka iya ganin wuƙa ga wuyanai. To, ba ka gani."

Can ya ce, "Ɗari biyu da goma hwa, Kontabul. Kin ji sa'adda anka faɗi?"

"Na ji. Har Kalfu an ji."

Ta haihu kwana biyu bayan Sallah, 'ya mace. Rissa ya kawo rago mai kyau a jikka sittin da biyar, Huseina ta sa aka ɗaure shi gidan maƙwabta, ta kafa doka: Ɗangana ba ya ganinsa, ba ya ba shi ko ganye, sai ranar yanka. Likita da magani, ashirin da takwas. Itacen wanka, sha huɗu. Goro da dabino, sha takwas. Shinkafa da mai da kayan miya, arba'in da biyar. Rumfa guda ce, ta Kumandan, aka share aka shimfiɗa tabarmi. Aka raɗa wa yarinya Sumayya. Da yaran Alhaji Sidi suka zo ɗaukar keke, aka ba su goro biyu-biyu, aka ce su gaishe shi.

Jikka talatin da biyar suka rage. Da safen suna, da ta ji maroƙa sun fara a ƙofa, ta kira mijinta ta danƙa masa biyar.

"Ungo. Kar ka ba da hula."

Talatin ɗin kuwa, bayan sati biyu Rissa ya shigo janye da wani ɗan rago, ƙashi da fata, ya fi na farko muni. Huseina, da Sumayya a kafaɗa, ta miƙa wa Ɗangana igiya.

"Na Layyar baɗi. Kai ka kiwo, ni ka sayen harawa. Ba rumfa, ba sabulun jego."

Ɗangana ya duƙa ya buɗe bakin ragon ya duba haƙora, ya shafa wuyansa.

"Ƙararrawa hwa?"

Ta yi ɗan lissafi. "Ƙararrawa ta jawo mutane. A saye. Amma ƙarama."

Ta buɗe kaye, ta wuce shafin Ɓarna, ta samu sabo. A sama ta rubuta Jari, a ƙasa ta sa sunan mijinta.