Goma Sha Biyar na Gefe

A Legas na koyi wasan, shekarar da na yi bautar ƙasa, a wurin wasu samari da muke haya gida ɗaya. Katuna ne masu zane, kowanne da aikinsa a rubuce a jiki: wannan dabba ce mai kai hari, wannan garkuwa, wancan kuma yana lalata abin da abokin karawa ya ajiye. Kowa shi yake haɗa ɗaurinsa, kati sittin, ya zo a gwabza. Da na dawo Haɗeja na kama koyar da lissafi a wata sakandare, sai na zuba nawa a gwangwanin alewa na tura ƙarƙashin gado. A garinmu in aka ga kati a hannunka an gama magana, ɗan caca ne kai, ko da hoton tukunya ne a jiki. Ni kuwa ba ni da ƙarfin yi wa gari guda bayani.

Shekara biyu ina haka. Majalisar unguwarmu hirarta ba ta wuce taki da siyasa da ƙwallo, in ruwa ya yi yawa a ƙara da maganar ciyawar kacala da ta toshe hanyar ruwa a fadama. Ina zama, in yi dariya inda ake dariya, in tashi ba wanda ya lura. Kaɗaici ya dame ni, irin wanda yake kama mutum a tsakiyar jama'a.

Ran nan babana ya aike ni ofishin likitan dabbobi da ragonsa da ya ƙi kiwo. Likitan baƙo ne, ya ba ni shekaru kusan ashirin, daga Kano aka turo shi, iyalinsa suna can. Yana buɗe littafin rigakafi sai na hangi abin da ya yi alamar shafi da shi. Kati ne irin nawa, da hoton wata ƙatuwar giwa.

Na ce, "Likita, wannan fa?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ka san shi ne, ko wa'azi za ka yi mini?"

"Sittin gare ni a gida."

Ya rufe littafin. Sai da ragon ya fara cin labulen ofis muka tuna da shi.

Daga nan kowace Juma'a bayan la'asar muna bayan ofishinsa, ƙarƙashin darbejiya, an ja ƙyauren gaba. Shi ke sayo soyayyen kifi daga bakin gada, ni in zo da shayi a filas. Tun yana karatu a ƙasar waje yake wasan, kuma tun zuwansa garin bai sami wanda zai nuna wa kati ba. Muna wasa muna hira, ya ba ni labarin shanun da ya yi wa allura, in ba shi na ɗalibaina, mu rasa waɗanda suka fi taurin kai. Wannan yammacin shi kaɗai nake jira a mako, kuma shi kaɗai ne mutumin da nake sakewa a gabansa.

Ɗaurinsa na manyan namun daji ne, tsofaffin katuna masu daraja. Nawa kuwa na talaka ne, albashin malamin makaranta bai kai ga giwa ba. Na haɗa shi ne da abin da ake kira kayan ƙira, wato katunan da aka zana abubuwan maƙera a jiki: 'yan mutanen ƙarfe, guduma, fitila, makulli. Masu wasa na birni ba sa ko kallonsu, shi ya sa suke da araha. Ɗaya shi kaɗai ba ya tsinana komai. Amma in suka taru a tebur kowanne yana sauƙaƙa fitowar na bayansa, kamar gayya a gona, kafin giwa ta gama miƙewa sun yi mata rubdugu. Na sha wahala kafin ya daidaita. In cire guduma biyu in sa mutum biyu, in raba wa kaina hannu a kan katifa sau talatin in ga yadda yake fitowa, in mayar da gudumar. Likita ya sa musu suna kayan gwangwan. Da ya hango ni sai ya ce, "Malam, an yi ciniki a bola kuwa?"

Duk da haka shi ya fi cina. In muka yi uku ya ɗauki biyu. Ina dariya, amma abin yana cina a rai, don ni tun ina yaro ba na son a ci ni, ko a dara ne.

To akwai wata doka a wasan. Karawa zagaye uku ce, kuma bayan zagayen farko an yarda ka cire wasu katuna daga ɗaurinka ka shigo da wasu daga goma sha biyar da ka ajiye a gefe, kamar 'yan benci a ƙwallo. A Legas mutum raba su yake yi, uku don mai irin wannan ɗauri, huɗu don mai irin wancan, tunda bai san da wa zai haɗu ba. Mu dai ba mu taɓa damuwa da ita ba, da an gama zagaye sai a sake cakuɗawa a ci gaba. Ni ne na zauna na yi tunanin malamin lissafi: abokin karawa ɗaya gare ni a duniya, me zai sa in raba?

A bayan littafin shirin darasi na rubuta duk katin da na taɓa gani a hannunsa, na nemo wa kowanne maganinsa. Tarun ƙarfe da ke hana babbar dabba motsi. Keji. Wata ƙararrawa da ke tsawwala wa duk wani abu mai girma fitowa tebur. Na yi odarsu daga wani mai sayarwa a Legas, za su biyo motar Kano. Shekarar kogi ya yi ambaliya ya yanke hanya, saƙon ya kwana ashirin a tafe, kullum ina tasha har 'yan kamasho suka ɗauka kuɗi nake jira. Da ya iso ambulan ɗin ya sha danshi. Na shanya su a faranti, na danne da ƙamus.

Juma'ar farko ya ci zagayen farko kamar kullum. Na ce a dakata, na fito da na gefe, na musanya tara. Na cinye biyun da suka rage. Ya tafa mini har da miƙo hannu, ya ce, "Lallai Malam ya yi karatu."

Mako na biyu ma haka, na uku ma haka. Zuwa na biyar wasan ya daina zama wasa. Zai zauna da katuna cike da hannu, ba wanda zai iya ajiyewa, ni kuma ina jera gwangwanina ina kaɗa ƙafa. Zagayen da muke rabin awa a kai ya koma minti goma. Hira ta ragu, don ba a labari da mutumin da yake ƙirga nasara. Na ga ya yi shiru, sai na ɗauka girmamawa ce. In na ce, "Likita, a ƙara?" sai ya ce magariba ta kusa, alhali rana tana sama.

Sai uzuri ya fara. Wannan makon rigakafi a Birniwa, na gaba an kira shi Kafin Hausa. Juma'a uku ina zuwa ina tarar da kwaɗo a ƙyaure, in zauna a kan babur da filas ɗina har shayin ya huce. Wata ranar Litinin na same shi yana duba akuya.

"Likita, laifi na yi ne?"

Bai ɗago ba. "Ba fushi nake ba, Malam. Ni dai zama nake zuwa yi, kai kuma jarrabawa kake zuwa ci."

Raina ya ɓaci. "Ai doka ta yarda."

"Ta yarda mana," in ji shi, ya ce wa mai akuyar ya riƙe ta da kyau.

Na tafi ina huci. A raina na ce babba da shi ba ya son a ci shi, sai ya fake da wata magana. Na ƙudura ba zan sake zuwa ba sai ya kira, na kuwa cika alkawarina wata biyu cur, ina zaune a majalisa ina sauraron farashin taki. Kewarsa ta ishe ni, amma girman kai ya fi ta ƙarfi. Ranar da na sauko, na tsame goma sha biyar ɗin na jefa a aljihun tebur da niyyar in je ranar Juma'a da sittin ɗina kawai. A makon ne wani dattijo, masinjan ofishinsu, ya zo makaranta yana nemana. Ya ce an mayar da Likita Kano, jiya ya tashi, ya bar wannan a ba ni. Kwalin allurai ne an naɗe da salatif.

Na buɗe a ɗakin malamai bayan kowa ya watse. Ɗaurinsa ne gaba ɗaya, giwaye da komai. A ƙarƙashi kuma ga wasu 'yan katuna daban an ɗaure da roba. Na ƙirga, goma sha biyar. Ashe shi ma yana da na gefe.

Na baje su a tebur. Takwas daga ciki aikinsu ɗaya ne, fasa kayan ƙira. Huɗu kuwa wata tsatsa ce da in aka ajiye ta take cinye duk wani ƙarfe da ke tebur a lokaci guda. Duk mai wasan ya san ita ce ajalin irin ɗaurina, kuma na san ta, na dai ɗauka babu ita a Jigawa kaf. Da ya shigo da su ko sau ɗaya, da ban ƙara cin zagaye ba har ya bar garin.

Na kira shi a waya nan take. Bayan mun gaisa, na tambayi iyali, sai na rasa ta inda zan fara.

"Likita, na ga tsatsar nan."

"To."

"Tun yaushe kake da ita?"

"Tun kafin ka gama firamare."

"Me ya hana ka sa ta?"

Ina jin hayaniyar titin Kano ta bayansa.

"Haba Malam," ya ce. "In na sa ta, da wa zan yi wasa?"

Ya ce ana jiransa, mu yi magana wani lokaci. Na zauna a ɗakin malamai da ɗauri biyu a gabana, nasa da nawa da na ciro daga jaka, har mai gadi ya leƙo ya ce zai rufe.